Bayan Kotu Ta Wanke Shi: Bashin Da Ke Kan Hukuma

Duk lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin da aka yanke wa mutum, ta ce a sallame shi, ruwan hukuma da shi yakan ƙare ne a bakin ƙofar gidan yari. Gandiroba ya duba takarda, a miƙo masa 'yan kayan da ya shiga da su idan suna nan, a buɗe ƙofa a ce ya tafi. Idan a Gusau aka tsare shi kuma mutumin garin ne, ƙila ya taka da ƙafa ya isa gida kafin magariba. Idan kuwa ya fito daga Bagega ko Wuya a ƙasar Anka, ko Gwashi da Adabka a ƙasar Bukkuyum, ko wani ƙauye da ke bayan Daki Takwas a ƙasar Gummi, to tafiyar sa'o'i ce a gabansa, a kan hanyar da mai kuɗi a aljihu ma sai ya yi addu'a kafin ya hau. Ba wanda aka ɗora wa alhakin sanar da garinsu cewa kotu ta wanke shi, ba kuma ofishin da zai je gobe ya ce ga ni, ku ne kuka tsare ni shekara bakwai a kan abin da ban aikata ba. Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Mutumin da hukuma ta ɗaure bisa kuskure yana bin ta bashi, kuma sakinsa bai rage ko kwabo daga bashin ba, domin sakin daina cutarwa ne kawai. Biyan abin da aka riga aka ɓata wani aiki ne daban, kuma shi ne aikin da har yau ba mu ba kowa ba.

Sai mun fara yarda cewa kotu tana kuskure kafin sauran maganar ta zauna, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. A watan Oktoba na 2001 wata kotun shari'ar Musulunci a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa, a watan Maris na 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta soke shi. Amina Lawal ta Kurami ta sha irin wannan hukunci a Bakori a 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar, sai a watan Satumba na 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta wanke ta. Alƙalai Musulmi ne suka yanke, alƙalai Musulmi ne suka gyara, kuma gyaran bai rage wa shari'a daraja ba. A ɓangaren kotunan boko lamarin ya fi muni ta fuskar daɗewa. Clinton Kanu, ɗan jihar Imo, ya shekara 27 a tsare, da hukuncin kisa a kansa a wani ɓangare na shekarun, kafin Kotun Ƙoli ta wanke shi a watan Afrilu na 2019. Nasiru Bello kuwa bai kai ga jin sakamakon ƙararsa ba: gwamnatin jihar Oyo ta zartar masa da hukuncin kisa a 1981 alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu, sai a 1986 Kotun Ƙoli ta ce an keta doka, ta ba iyalinsa diyya. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai kunnen lauyoyi da 'yan jarida. A ƙarƙashinsu akwai dubban da ba a ma kai ga yanke musu hukunci ba, domin kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. Sikiru Alade, wani mai gyaran jikin mota a Legas, an kama shi a 2003, ya zauna shekara tara ba a yi masa shari'a ba, har sai da Kotun ECOWAS ta sa baki a 2012. Wanda aka yanke wa hukunci bisa kuskure da wanda aka manta da shi a ɗakin jiran shari'a hanyarsu ta shiga ta bambanta, amma ranar fita halinsu ɗaya ne.

Me ya sa na ɗauko maganar daga yammacin Zamfara? Domin a nan ne abubuwan da ke haifar da kuskuren shari'a suka taru wuri guda. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta farkon watan Janairu na 2022 ba, lokacin da 'yan bindiga suka bi ƙauyuka suna kisa da ƙone-ƙone. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 ne suka rasu, mazauna yankin suka ce sun kai kimanin 200. Wanda ya binne 'yan'uwansa a rami ɗaya ba za a zarge shi ba idan ya ce a kama duk wanda ake zato. A wannan shekara ta 2022 ce Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu satar shanu da masu garkuwa da mutane da masu kai musu bayanai. A watan Janairu na 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, sama da mutum 2,600, a bayan 'yan sa-kai da suka daɗe a ƙauyuka. Ba na musun cewa infoma gaskiya ne. Akwai masu nuna gidan mai kuɗi, akwai masu kai mai da burodi da ƙwaya daji, kuma sun jawo asarar rayuka masu yawa. Amma laifin kai bayani laifi ne da ba ya barin sawu. Ba gawa, ba saniyar da aka kama a hannu, sai dai wane ya ce ya ga wane yana waya, ko an ga lambarsa a wayar wani, ko ya dawo daga daji lafiya alhali an kashe abokan tafiyarsa. Inda hujja ta zama maganar baki, mai tsohuwar gaba a kan gona ko bashi ko neman aure ya sami makami. Bafulatanin da ya shigo kasuwa sayar da akuya, da ɗan acaɓan da aka tilasta wa ɗaukar kaya da bindiga a ƙeyarsa, duk suna iya faɗawa. Sai a haɗa da amsa laifin da aka samo da duka, abin da dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta amma bai ƙare ba, da rashin lauya, da nisan kotu, da ɗan sanda mai bincike da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar fayil. Ba sai an sami mugun alƙali ba kafin a ɗaure marar laifi a irin wannan yanayi.

Abin da ɗauri yake ci a rayuwar manomi ya fi abin da mutumin birni yake tsammani. Tun a watannin farko dangi za su sayar da tumaki da hatsin rumbu don bin sawun shari'a: kuɗin mota zuwa Gusau, kuɗin lauya idan an samu, abincin da za a kai masa, da kuɗaɗen da ba su da rasit. Idan abin ya yi tsawo sai a jinginar da gona, jinginar da sau da yawa takan rikiɗe ta zama sayarwa. Damina uku idan ta wuce ba mai gida, yara maza sun bar makaranta sun shiga ramin haƙar zinari ko sun tafi ci-rani, 'yan mata an aurar da su da wuri don a rage baki. Matarsa kuma tana da haƙƙi a mazhabar Malikiyya ta kai ƙara idan ba ci ba sha, alƙali ya raba auren. Ba ta yi laifi ba, alƙalin ma bai yi ba, amma mutumin zai dawo ya tarar da ɗakinta a rufe ko da wani a matsayinsa. Iyayensa ƙila sun rasu bai yi musu sallah ba. Jikinsa ya kwaso tarin fuka ko ciwon fata ko hawan jini, barcinsa ya lalace, ya zama mai firgita da ƙarar ƙofa, mai saurin fushi ko mai yawan shiru, mutane su ce ya taɓu. Duk wannan da sauƙi a kan abu guda, wato sunansa. Ranar da aka kama shi gari duka ya gani, an ɗaure shi a bayan babur ko an jefa shi a mota a tsakiyar kasuwa. Ranar da aka wanke shi ba wanda ya gani sai magatakarda da lauyoyi biyu, a ɗakin kotu a Gusau ko Sakkwato, cikin Turancin da shi kansa bai ji ba. Saboda haka abin da zai tarar a majalisar ƙofar gida shi ne, "Ai ba a banza aka kama shi ba," ko "Kuɗi ne suka yi aiki." A wani wuri wannan magana kunya kawai take jawowa, a hana shi aure ko bashi. A ƙauyen da ake zaman ɗar-ɗar, inda harin dare ɗaya ya isa a fara neman wanda ya kai rahoto, wannan magana tana iya zama ajalinsa. Kotu ta sake shi, amma hukuncin gari yana nan a kansa, kuma hukuncin gari ba shi da ɗaukaka ƙara.

Mai karatu zai ce ai akwai doka. Akwai, amma tana da giɓi daidai inda ake buƙatarta. Sashe na 35(6) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a daga hukumar da ta yi masa haka. Tanadi ne mai kyau, kuma abin lura ne cewa ya haɗa kuɗi da wanke suna a wuri ɗaya. Matsalar ita ce wannan sashen dai ya halatta tsare mutum bisa hukuncin kotu, don haka lauyan gwamnati zai ce shekarun da mutum ya yi bayan an yanke masa hukunci tsarewa ce ta halal a lokacinta, ko da an soke hukuncin daga baya. Alƙali ba a ƙararsa a kan aikin alƙalanci. Ƙarar wanda ya yi maka sharri kuwa sai ka tabbatar da mugun nufi, abin da ke da wuyar kamawa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan Adam da na siyasa a 1993, wadda sashenta na 14(6) ya wajabta biyan diyya ga wanda sabuwar hujja ta nuna an hukunta shi bisa kuskure, amma har yau ba a yi dokar cikin gida da za ta ce ga ofishin da zai biya, ga adadin, ga wa'adin ba. Saura hanya ɗaya: mutumin da ya fito ba ko taro ya sake ɗaukar lauya, ya sake shiga kotun da ta cinye masa shekaru. Idan ya yi nasara ma tsugune ba ta ƙare ba, domin sashe na 84 na dokar da ta tsara zartar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da izinin Antoni Janar, wato lauyan ɓangaren da aka kayar. Kotun ECOWAS ta ba Sikiru Alade naira miliyan 2.7, ta kuma ba Maimuna Abdulmumini ta Katsina naira miliyan 5 a 2014, saboda an yanke mata hukuncin kisa a kan abin da ake zargin ta aikata tana 'yar shekara 13. Amma dukansu biyu ƙungiyoyin lauyoyi masu ƙarfi ne suka tsaya musu, kuma an san Najeriya da jan ƙafa wajen cika hukuncin wannan kotu. Haƙƙin da sai mai gata yake iya karɓa bai kai ga mutumin Adabka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan giɓi yana nan a jihar da ta riga kowa ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba na 1999, alhali shari'ar ba ta bar maganar a buɗe ba. A cikin Suratu Yusuf, lokacin da manzon sarki ya zo fitar da Annabi Yusuf, alaihis salam, daga kurkuku bayan shekaru, bai yi gaggawar fita ba. Ya mayar da manzon ya tambayi sarki labarin matan da suka yanke hannayensu, sai da aka tara su suka shaida ba su san shi da wani mugun abu ba, matar Azizu ta amsa da bakinta, sannan ya fito. Annabin Allah ne, ya fi kowa haƙuri, amma bai karɓi saki ba tare da wankewa ba. A zamanin Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, mutum biyu sun ba da shaidar sata a kan wani aka yanke masa hannu, daga baya suka kawo wani suka ce sun yi kuskure, wannan ne ɓarawon. Ya ƙi karɓar shaidarsu a kan na biyun, ya kuma sa suka biya diyyar hannun na farkon. Lokacin da rundunar Khalid bin Walid ta kashe mutanen Banu Jazima bisa kuskuren fahimta, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya barranta daga aikin, ya aiki Aliyu da dukiya ya biya diyyar rayuka da ta kayan da aka ɓata. Malaman fiƙihu sun tattauna kuskuren alƙali idan ya jawo asarar rai ko gaɓa: wasu sun ce baitulmali ne zai biya tunda don jama'a yake aiki, wasu sun ce danginsa na wajen uba. Saɓaninsu a kan wanda zai biya ne, ba a kan ko za a biya ba. Ban ga dalilin da zai sa hannu ya sami diyya, shekara goma na ƙuruciyar mutum su tafi a banza ba. Kuma Zamfara ta taɓa nuna ta fahimci wani abu daga wannan: Buba Bello Jangebe, wanda aka yanke wa hannu a watan Maris na 2000 bayan ya amsa laifinsa, gwamnati ta ba shi aikin albashi daga baya don kada ya tagayyara. Idan wanda ya amsa laifi ya cancanci a riƙe shi bayan hukunci, wanda bai yi komai ba ya fi cancanta.

Wasu ƙasashe sun riga sun gwada, kuma akwai abin ɗauka da abin gudu a wurinsu. Jamus tana biyan yuro 75 a kan kowace rana da aka tsare mutum bisa kuskure, har da kwanakin jiran shari'a, ban da asarar dukiya da ya iya tabbatarwa. Jihar Teksas ta Amurka tana biyan dala 80,000 a kan kowace shekara tun 2009. A Japan, Iwao Hakamada, wanda ya yi sama da shekara 45 yana jiran a rataye shi, an wanke shi a watan Satumba na 2024, aka ba shi yen miliyan 217 a 2025, lokacin da ya kusa shekara 90 kuma hankalinsa ya riga ya taɓu. Ingila kuwa ita ce gargaɗi. Tun 2014 ta ce sai mutum ya tabbatar da rashin laifinsa ba tare da wani kokwanto ba kafin a biya shi, abin da ya sa ake ƙin mafi yawan masu nema. Har zuwa 2023 ana iya cire kuɗin ci da kwanan gidan yari daga diyyar mutum, sai da shari'ar Andrew Malkinson, wanda ya yi shekara 17 a kan fyaɗen da bai aikata ba, ta tayar da ƙura aka soke wannan ƙa'ida. Darasin shi ne adadi sananne a kan kowace rana, da biya cikin gaggawa, sun fi alkawarin miliyoyin da sai an yi wata shari'ar.

A yammacin Zamfara abin da ya kamata a fara da shi bai ma buƙatar kuɗi masu yawa. Duk wanda kotu ta wanke a ba shi takardar shaida da Hausa, da boko da ajami, mai hatimin kotu, wadda ta faɗi a fili cewa ba a same shi da laifi ba. A aika kwafinta ga fadar sarkin yankinsa, daga nan ta sauka ga hakimi da dagaci da mai unguwa, liman ya karanta ta bayan sallar Juma'a a garin da aka kama shi, a kuma sanar a rediyo idan shi ya yarda. A kai kwafi ga baturen 'yan sanda na ƙaramar hukuma da kwamandan Askarawa, domin su ne za a fara kai wa sunansa idan wani abu ya sake faruwa. Masarautun nan suna da abin da ake buƙata don wannan aiki. Sarkin Zamfaran Anka, Alhaji Attahiru Muhammad Ahmad, ya daɗe yana shugabantar majalisar sarakunan jihar. Sarkin Mafaran Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, babban alƙalin Babban Birnin Tarayya ne kafin ya hau gadon sarauta a 2013, ya san yadda fayil yake ɓata da yadda shaida take rushewa. Gummi, garin da ya haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, ba baƙon maganar adalci ba ne. A nan ne kuma ya kamata a raba wankewa da afuwa. Sashe na 212 na kundin tsarin mulki ya ba gwamna ikon yin afuwa, kuma sau da yawa ita ce hanya mafi sauri ta fitar da wanda kowa ya gane an zalunta. Amma a kunnen jama'a wanda aka yi wa afuwa mai laifi ne da aka tausaya wa. Idan rashin laifi ne dalilin sakin, takardar ta faɗi haka.

Sai riƙon watannin farko, wanda shi ne ke raba wanda zai miƙe da wanda zai lalace: kuɗin mota da rakiya har gida, hatsin da zai kai shi kaka, iri da taki idan damina ta kusa, duba lafiya a babban asibitin Anka ko Gummi, da tura wanda ƙwaƙwalwarsa ta jigata asibitin Kware ba tare da ya biya ba. Wanda komawa ƙauyensa ke da haɗari a taimaka masa ya zauna wani gari. Hukumar Zakka da Wakafi ta jihar ta saba biya wa waɗanda bashi ya kai gidan yari, tana da ma'aikata da hanyar tantancewa, kuma mutumin da ya fito ba gona ba jari ya shiga sahun matalauta da masu bashi da aka ambata cikin masu cin zakka. Amma kada a tsaya nan, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci a wurina. Zakka haƙƙin talaka ce saboda talaucinsa; diyya haƙƙin wanda aka cuta ce saboda cutar, ko da mai arziki ne. Idan aka biya ta biyu daga asusun ta farko, gwamnati ta biya bashinta da dukiyar marayu ke nan. Diyya daga baitulmalin jiha za ta fito, da layinta a kasafin kuɗi. Ko da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata aka ɗauka a matsayin ma'auni, wanda ya yi shekara biyar zai karɓi naira miliyan 4.2. Ba ta biya shekarun ba, amma tana fanso gona.

Hujja mafi ƙarfi ta masu adawa da wannan ra'ayi ita ce wadda za ka ji daga bakin mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa: sau nawa aka kama ɗan bindiga da hannu dumu-dumu, bayan wata uku aka gan shi a kasuwa? Yanzu kuma a ce a bi shi da kuɗi? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma duk tsarin da ya yi watsi da shi ba zai rayu ba. Amsar ita ce ba kowane saki ne wankewa ba. Wanda aka bayar da belinsa, da wanda aka saki a cikin sulhu ko musayar mutane, da wanda kotu ta ce a sake masa shari'a saboda kuskuren tsari, ba su cikin wannan magana. Ana maganar wanda kotu ta duba hujja ta ce ba ta tsaya ba, ko sabuwar hujja ta nuna ba shi ba ne, ko aka tsare shi shekaru ba a iya kawo shaida ko ɗaya a kansa ba. Kwamiti ƙarami na tsohon alƙalin babbar kotu da na kotun shari'a da wakilin lauyoyi da na masarauta zai iya tantance wannan cikin wata uku, a kuma hana duk wanda aka tabbatar ya ɓoye gaskiya da gangan don kare wani. Ko da haka, wata rana wani mai laifi zai zame ya karɓa. Na yarda da wannan hasara, domin ɗaya hasarar ta fi ta girma. Duk marar laifin da ke ɗaure yana nufin mai laifin na gaskiya yana yawo, fayil kuma an rufe. Kuma saurayin da ya fito ya tarar ba shanu, ba gona, ba mai amsa sallamarsa, akwai masu jiransa a daji da bindiga da alkawarin ramuwa. An daɗe ana faɗin cewa zaluncin da aka yi wa makiyaya da manoma a hannun wasu jami'ai da wasu alƙalai da wasu masu sarauta yana cikin abin da ya hura wutar nan tun farko. Wannan ba uzuri ba ne ga mai kisa, amma wauta ce hukuma ta ci gaba da ƙera masu jin haushinta.

Hujja ta biyu ita ce ta kuɗi da fifiko. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ƙirga sama da mutum 6,000 da aka kashe a Zamfara tun 2011, da zawarawa kusan 5,000, da marayu sama da 25,000, kuma adadin ya ƙaru sosai tun daga lokacin. 'Yan gudun hijira sun cika garin Anka. Da wane ido za a biya tsohon fursuna alhali waɗannan ba su sami komai ba? Haƙƙinsu yana nan, kuma ba na neman a rage shi. Amma akwai bambanci: su hukuma ta gaza kare su daga wani, shi kuwa hukuma ce da hannunta da hatiminta ta cutar da shi. Kuma adadin masu wannan haƙƙi kaɗan ne, kuɗinsu ba zai girgiza kasafin jiha ba. Ana ma kashe kuɗin tun yanzu ta hanyar da ba ta amfani kowa: a kan naira 1,125 da aka ware don abincin ɗaurarre a rana, tsare marar laifi shekara guda yana cin sama da naira 410,000 a abinci kaɗai. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya tara naira miliyan 585 daga masu hannu da shuni da kamfanoni aka biya tarar ɗaurarru 4,068. Aiki ne mai kyau, kuma ya nuna idan an so ana samu. Waɗannan ma an same su da laifi ne, balle wanda kotu ta wanke. Masu cewa ƙaddara ce, a yi haƙuri, su ma sun faɗi gaskiya rabi. Haƙuri da yafiya na wanda aka cuta ne, shi ke da ikon bayarwa idan ya ga dama bayan an miƙa masa haƙƙinsa. Wanda ya yi cutar ba shi da bakin da zai ce ƙaddara ce.

Akwai masu tsoron cewa idan soke hukunci zai jawo wa gwamnati biyan kuɗi, alƙalan sama za su riƙa nauyin sokewa, na ƙasa kuma su ji tsoron hukunta kowa. Shi ya sa bai kamata kuɗin su fito daga aljihun alƙali ko kasafin kotu ba, kuma bai kamata biyan ya dogara ga samun wani jami'i da laifi ba. Mai shaidar zur da jami'in da ya azabtar a bi su daban, da dokokin da ke akwai. Ikon yin wannan doka yana hannun Majalisar Dokokin Jihar Zamfara, tunda mafi yawan laifuffukan da ake ɗaure mutane a kansu na dokar jiha ne, kuma gyaran tsarin mulki na watan Maris na 2023 ya ba jihohi hurumi a harkar gidajen gyaran hali. 'Yan majalisar da ke wakiltar Anka da Bukkuyum da Gummi suna iya gabatar da ƙudurin. Kafin nan, babban alƙalin jiha da Alƙalin Alƙalai suna iya umartar magatakardansu su fitar da jerin duk hukuncin ɗauri da aka soke cikin shekara goma da suka wuce, da sunayen waɗanda aka sallama a ziyarar gidan yari saboda ba a kawo shaida a kansu ba, a miƙa wa masarautu su nemo inda kowannensu yake da halin da yake ciki.